Likitan da Ya Duba Yayana a Tsaye

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, ina tsakiyar sauke kaya a wurin aiki matarka ta kira ni, Yaya, ta ce ka cika. Kafin in samu izinin fita har an kai ka. Ni da ka goya zuwa makaranta, a waya na ga makararka.

Kafinta ne kai mai kunyar aikinsa. Kujerar da ka yi in ta karye bayan shekaru, kai ke ba mai ita haƙuri. Da zan bar gida ka ƙera mini akwatin katako mai nauyin da aka hana shi shiga jirgi, ka yi ta dariya kana cewa jirgin ne rago.

Likitan da ya duba ka abokinka ne, kai ka yi bencinan asibitinsa. Da yamma yakan biyo shago ku yi hira. Ranar da ka yi masa kukan ciwon ciki, a tsaye tsakanin katakai ya danna cikinka ta saman riga, ya ce gyambon ciki ne, kafintoci ba sa cin abinci kan lokaci. Haka ya riƙa kawo maka magani wata da watanni, kana ramewa har ka huda sabon rami a bel ɗinka da ƙusa. Na roƙe ka ka je a ɗauki hoton cikin, ka ce raini ne ka kai maganar abokinka gaban wani likita. Ranar da ka faɗi, wani asibitin ya ce ciwon daji ne na hanji, kuma da an gani da wuri da an yi aiki.

Ban ce ya nufe ka da sharri ba. Wataƙila hawayensa na gaskiya ne. Amma tun ranar rasuwa kullum yana gidanka, kusa da Kawu, yana maimaita wa masu gaisuwa cewa ba ka taɓa zuwa wurinsa a matsayin majinyaci ba, hira ce kawai. Wa ya tambaye shi? Sannan ya ce wa matarka ta tattara masa ragowar magungunan, wai zai zubar saboda yara. Kawu kuma ya fara cewa ajali ne, neman diyya zubar da mutunci ne. Na yarda ajali na Allah ne. Sakaci kuwa na mutum ne, kuma ka bar marayu.

Matarka ta kira ni shekaranjiya.

"Baba Ƙarami, ni zan iya yafe nawa haƙƙin," in ji ta. "Na yaran nan fa, wa ya ba ni?"

Ba ta ba shi magungunan ba. Suna hannun lauya, kuma za a shigar da ƙara. Ka yi haƙuri, Yaya, na san da kana raye da ka hana.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya yalwata makwancinka. Matarka, yaranka, Kawu da dangi duka, Allah Ya ba mu haƙuri. Shi kuma abokinka, Allah Ya ba shi ƙarfin faɗin gaskiya a gaban alƙali. Amin.