Malam Ilu Magini da Ɗakin Mahaifina

Ina cikin kasuwar Magariya ƙanwata ta kira ni daga Guci, ta ce Malam Ilu magini ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban gaskata ba sai da na kira babban ɗansa, kuma na san da Malam Ilu aka kai wa irin wannan labari, haka zai yi.

Ban taɓa ganin mutum mai zargi kamarsa ba. Bai yarda da siminti ba, bai yarda da rediyo ba, tubalin da ya yi da hannunsa ma sai ya ƙwanƙwasa shi yana harararsa. Muna yara dariya muke yi masa. Ashe wannan halin ne zai ceci gidanmu.

Shekarar da tabki ya cika ya shigo gari, ɗakin mahaifina ya rufta, da ƙyar ya fito. Ko ƙwarzane bai yi ba. Malam Ilu ya gina masa sabo, amma Baba ya ƙi shiga, ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin bishiya. Da hadari ya haɗu sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ya fara cewa maƙwabta ne suka karkato masa ruwan. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. In muka ce masa, "Baba, ɗakin nan lafiya lau yake," sai ya dube mu kamar da mu aka haɗa baki.

Malam Ilu kaɗai ne bai taɓa faɗa masa haka ba. Yakan zo da hantsi ya ce, "Alhaji, ni ma ban yarda da ɗakin nan ba. Taso mu duba." Su zagaya bango suna ƙwanƙwasawa, su leƙa azara, su tona gindin gini. In sun gama ya ce, "Yau dai bai nuna hali ba." Su zauna a bakin ƙofa. Wata rana aka gan su daga ciki suna cin goro.

Da muka ji a rediyo masu bincike suna cewa ambaliya takan bar ciwo a zuciya bayan ruwa ya janye, kuma ana magance shi, Malam Ilu ya taɓe baki ya ce, "To, a je a gani." Shi ya goya Baba a babur zuwa wurin majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya tsare majon da tambayoyi har Baba ya yi dariya. Rabonmu da jin dariyarsa tun kafin ruwan. Daminar da ta biyo, a ɗaki ya kwana.

Yanzu ga damina ta ƙarato. Tun da muka dawo daga maƙabarta ni da Baba, tsoro nake ji. Na kama kaina ina leƙen inda yake ajiye tabarmarsa, shi ma ya lura ina leƙe.

Allah Ya jiƙan Malam Ilu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma, ya Allah, in hadarin farko ya haɗu, Ka bar mana Baba a cikin ɗaki. Amin.