Harshen Yaya Barmo

Duk wanda ya san Yaya Barmo a Dakoro ya san ba ya yarda da abu sai ya kai shi baki. Ni ƙanensa karatuna bai yi nisa ba, allona ma gara ce ta riga ni sauke shi, amma ina da fatawa guda: Allah bai halicci abin da Barmo bai lasa ba. Shanu babu, gona abin tausayi. Duk girmansa a harshen nan yake, don in ayarin Azbinawa ya sauka da gishiri, ba mai saye sai Barmo ya lashi kantu ya ce "to".

Ya gajiyar da mu, wallahi! Ranar sunan ɗana aka miƙa masa jariri ya yi addu'a, sai na ga ya sunkuya kan goshin.

"Yaya, mi za ka yi?"

"In ji ko namu ne." Ya lasa, ya tauna baki. "Namu ne. Ga ɗacin kakansa nan."

Wata Bafulatana kuwa ta kawo nono, ya yi ta ɗanɗanawa har ƙwarya ta kusa rabi.

"Baba, wanga ɗanɗano ne ko kalaci?"

"Yi haƙuri, ɗiyata. Harshe ya yarda, maƙogwaro ya yarda. Ciki ne bai ba da shaida ba tukuna."

Da tsufa ya zo, wani zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, harshen bai tashi ba. Matarsa Kande ta yi zargi, ta kaɗa miyar kuka ba gishiri ko ƙwaya. Ya shanye, ya ce, "Yau kin yi miya, Kande." Bayan rumbu na same ta tana share hawaye. Ni kaɗai ta gaya wa.

Sai ga ayari. Madugu ya jera kantu, gari ya taru, aka buɗe wa Barmo hanya. In ya yabi gishiri marar kyau ya kunyata, in ya faɗi gaskiya ya zama tsoho kawai. Ya durƙusa, ya lasa, ya yi ta tauna baki har raƙuma suka gaji da jira.

"Na gaji!" in ji shi. "Tun ina da haƙora nike lasa muku gishiri. Ku ba ku da harshe ne? Kowa ya lashi nasa!"

Kai, jama'a! Manya da yara suka auka wa kantu, madugu na ihu: "Kasuwa na zo ko garken awaki?"

A hanyar gida ya dafa kafaɗata, hannun ba nauyi.

"Auta," ya ce, "kamar dutse na lasa."

Bai sake zuwa wurin ayari ba, kuma bai ga damina ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya shayar da kai ruwan Aljanna, ya mayar maka da harshenka ka ji daɗinsa.