Wandon da Baba ya ƙi cirewa

Shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau ban san ko in yi alfahari da shi ko in yi fushi ba.

Tsohon soja ne. Ya dawo garinmu Kona daga yaƙin Nasara da gutsuren ƙarfe a cinya, can sama kusa da kwankwaso, miki mai rufewa da rani ya buɗe da damina. Noma ya gagare shi. In kakar gyaɗa ta zo, sai ya ja ƙafa zuwa Tasawa yana ɗinkin buhu.

Bayan samun 'yancin kai aka ce likitan soja zai zo ya duba tsofaffin sojoji, wanda aka ga rauninsa a ba shi fanshon nakasa. Mun yi murna, muka ce Baba zai huta. Ashe ma'aikacin asibitin da aka ɗauko ya yi tafinta mijina ne, ni kuwa 'yar fari. Likita ya ce a cire wando. Baba ya dubi ƙasa.

"Ba ni kwaɓewa gaban surukina," in ji shi.

Mijina ya nemi fita. Likita ya hana, wai ba mai fassara. Aka kira na gaba.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma wa zai gaya wa Baba haka? Mun yi ta zirga-zirga zuwa ofishin tsofaffin sojoji, kullum sai a ce likita zai dawo. Gyaɗa ta ƙare a ƙasar, ɗinkin buhu ya bi ta, likita bai dawo ba. Mijina ya riƙa aika magani ta hannuna, su biyun ba su taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu ina ganin jikokina suna cin abinci kwano ɗaya da surukansu. Da Baba ya gani, zai ce duniya ta lalace, ko zai ce da ma a zamaninsu aka duba shi? Ban sani ba, kuma abin yana ci min rai.

Bai bar gonar kirki ba, sai suna. A Kona har yau ana cewa mutum ne mai kunya. Ni abin da ya zauna min shi ne maganar tsohon da ya yi masa wankan gawa, da ya fito yana share ido.

"Hadiza, da wannan abu ya yi ta zuwa Tasawa a ƙasa?"