Sunan da Dudu Ta Ƙi Faɗa

Ni ɗan fari ne a ɗakin uwata, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Bunguɗu a wancan zamani ya san abin da wannan ke nufi. Uwata ba ta kiran sunana. Ba ta ɗaukata a gaban mutane, ba ta yi mini wasa, in muka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta kau da kai kamar ta ga surukinta. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, Inna Tumba, wadda ta haifi ubana, can ƙuryar gidanmu na Nahuce kusa da rumbuna. Sunana Ummaru, amma a bakin uwata ni "yaron Inna" ne, in kuma ta matsu ta ce "wancan".

Manya sun san kunya ce. Ni da nake ɗan shekara takwas ina na sani? Abin da idona ke gani shi ne ƙanena Audu a kan cinyarta, tana kiransa Auduna, tana ɓare masa gyaɗa. Ga kuma Barmo, ɗan wan ubana, wanda ya girme ni da shekara biyu kuma Allah ya ba shi baki mai zaƙi. Wata rana da kaka muna tsintar wake a gona, ya matso kusa da ni ya ce, a hankali kamar mai tausayi, "Ni dai ba ruwana, amma ka taɓa jin ta kira ka? Ai ba ta son ka. Kowa ya sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Ranar da magariba aka kawo akushin tuwona daga ɗakin uwata, na ture shi da ƙafa. Na ce wa Inna na daina cin tuwon matar nan har abada. Inna ba ta mare ni ba, ko da yake hannunta ba ya da nauyin tashi. Ta dube ni, ta rufe akushin da faifai, ta ce a hura wuta.

Wutar kara muke hurawa a ƙofar ɗakinta, a ɗora kututture ɗaya don ta daɗe. Yaran gida su zagaye, ita kuma ta jawo taskirarta, ta shafa alli a yatsu, ta kama kaɗi. A shekarun nan Nasara ba su daɗe da zuwa ba, maza a zaure ba su da zance sai nasu. Inna ko a jikinta. Ta ce ta ga masu mulki iri-iri, kuma dukansu sai sun ci tuwo kafin su kwanta. Na yi yawo daga baya, na ji masu ba da labari a kasuwanni da tashoshi, wallahi ban ga wanda ya kama ƙafarta ba. Ita ba ta ba da labari a zaune. In abu ya yi zafi sai ta ajiye mazari ta miƙe, ta zama mutum uku a lokaci guda, kowa da muryarsa da tafiyarsa.

"To, ga wata nan tahe," in ji ta. "Wa ke da kunnen tarbarta?"

Yara suka ce mu duka. Ni kuwa ina can gefe na kumbura baki.

Ta ce a gindin dutsen Kwatarkwashi an yi wani maharbi, Jatau, wanda kibiyarsa ba ta dawowa banza. Da Sarkin Baka ya rasu, dattawan maharba suka taru suka ba shi sarautar. Yana da aboki, Ɗanjimma, tare aka yi musu kaciya, akushi ɗaya suke ci. Ranar naɗin, Ɗanjimma ne ya fi kowa rawa, shi ya ɗaga Jatau a kafaɗa. Amma ya so sarautar nan kamar ransa, kuma tun daga ranar cikinsa bai sake yin sanyi ba.

Matar Jatau Bafillatana ce, sunanta Dudu, bazawara ya aure ta. Tun tana ƙarama ta yi auren fari a ruga, ta haifi ɗa namiji, mijin ya rasu, dangin uba suka riƙe yaron suka yi nisa da shanunsu. Jatau ya san da labarin ɗan, amma bai taɓa sa shi a ido ba. Yana son Dudu son da har maharba ke yi masa tsiya, wai in ya harbo barewa sai ya fara kai mata hanta kafin ya gai da uwarsa.

Shekaru suka wuce. Wani rani shanun suka sauko wajen Tsafe, inda Dudu ke kai fura da nono ranar kasuwa. Sai ga wani saurayi dogo, da sanda a kafaɗa, ya fara zuwa yana tsugunawa nesa kaɗan da ƙoranta. Ba ta dubansa, ba ta yi masa magana. Sai ta dama fura a ƙwarya mafi kyau, ta zuba nonon da ta ɓoye a ƙasa, ta tura masa tana kallon wani wuri. Ɗanjimma ya gani. Bai yi gaggawa ba, ya bi Fulanin da ke kasuwa ya tambaya, suka gaya masa gaskiya tsaf: ai ɗanta ne na fari, ya girma.

A nan Inna ta ajiye mazari. Ta duƙa, ta rage tsawo, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana magana a kunnenmu da wata murya mai laushi har tsigar jiki ke tashi. Ta ce mugu ba ya ihu, mu daina neman sa a cikin masu ihu.

"Abokina, mi ya same ka ka yi shiru?" ta faɗa da muryar Jatau, daga ƙirji.

"Babu komi," ta amsa da ta Ɗanjimma. "Na ga wani abu ne a Tsahe, amma ƙila idona ne. Bar shi kawai."

Kwana uku yana cewa a bar shi, har Jatau ya kama shi da rantsuwa. Sannan ya ba shi labarin saurayi da ƙwarya da nonon da ake ɓoyewa, bai ƙara ko ƙwayar ƙarya ba. Ya ce, "Kada ka yarda da ni, ni ma ban yarda da kaina ba. Ka tambaye ta sunansa kawai. In ta faɗa, na yi kuskure, ka tsine mini. In ta ƙi, to kai ma ka san sunan wa mace ke jin nauyin faɗa."

Jatau ya shiga gida ya tambayi Dudu wane ne saurayin. Ta sunkuyar da kai ta ce ɗan mutanen ruga ne. Ya ce sunansa yake so ya ji. Ta kama zanen ƙasa da ɗan yatsa. Ya daka tsawa, ya sake dakawa. Inna ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska, muka ga Dudu da idonmu, kunya ta ɗaure mata harshe, ba ta ma san ana zarginta da wani abu ba.

Sai Inna ta yaye mayafin ta dube mu. "Ku gaya mini, sunaye nawa ne mace ba ta faɗa?"

"Biyu!" in ji yara. "Na miji da na ɗan fari!"

"Awo. Ku da majina a hanci kun sani. Jatau da gemunsa bai sani ba? Ya sani sarai. Guda aka tuna mishi, kishi ya cinye gudan."

Ranar kasuwa ta zagayo. Jatau ya shafa wa kibiya dafi, ya laɓe a bayan wata tsamiya a hanyar dawowa. Ga Dudu tafe, ga saurayin a bayanta da 'yar tazara, ya ɗauko mata ƙorai. Inna ta zaro kara ɗaya daga gefen wuta, ta ja shi kamar baka, ta daɗe tana ja har muka daina numfashi, sannan ta saki. Saurayi ya faɗi, ƙorai suka tarwatse. Dudu ta juyo, ta zube a kansa, ta ƙwala kiran da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta haife shi.

"Jaɓɓi! Jaɓɓi ɗana!"

Yadda Inna ta yi kiran nan, sai da wata mata ta leƙo ta kan danga tana tambaya ko lafiya. Jatau ya ji da kunnensa. Ya fito daga bayan tsamiya, ya karya bakansa a gwiwa, ya nemi makarin dafin a jakarsa, amma shi ya haɗa dafin da hannunsa kuma bai taɓa haɗa mai sauƙi ba. Yaron ya cika a cinyar uwarsa. Jatau ya juya ya shiga daji ba baka ba kwari, ba a sake ganinsa ba.

Muka yi caa, kowa na tambayar abin da aka yi wa Ɗanjimma. Ta ce Fulanin da ya tambaya a kasuwa sun tona shi, maharba suka kore shi daga ƙasar, ko ruwa aka hana a ba shi. Muka ce ai bai isa ba, a kashe shi. Ta ce, "Ku kashe shi sau goma. Jaɓɓi zai tashi?" Ta ɗauki mazarinta. "Nan na sauke ta, mai ɗauka ya ɗauka."

Da yara suka watse ta jawo akushin nan ta ajiye a gabana. Ta ce wa ya gaya mini uwata ba ta so na. Na ce Barmo. Ta ce, "Ƙarya ya yi maka?" Na ce a'a, ai ba ta kirana. Ta ce, "To rabi ya ba ka. Duk wanda ya kawo maka rabin magana, ka tambaye shi inda ya aje sauran." Na ci tuwon da sanyinsa, ina ci ina hawaye, ita kuma tana yi mini tsiya wai mijinta ya zama rago.

Na ɗauka na gama da wannan darasi tun ina yaro. Ashe da saura. Lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau na zama saurayi, Inna ta riga ta rasu, muka tafi aikin ni da Barmo. Muka sauka a gidan wata tsohuwa mai koko, wajen da yanzu ake kira Sabon Gari. A can zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, Barmo na zaune a bakin tabarma. Ya yi mini sannu, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "An aika gida tun ranar da ka kwanta. Ko ƙofar ɗakin nan uwarka ba ta tako ba. Ni dai na ce da Audu ne..." Bai ƙarasa ba.

Ba zan ɓoye ba, tsohuwar wutar nan ta tashi a ƙirjina kamar ba a taɓa kashe ta ba. Na rantse a zuciyata ba zan sake taka Nahuce ba, in bi jirgi duk inda ya nufa. Na kwana da wannan niyya. Da safe tsohuwa ta kawo mini koko, na buɗe baki zan yi mata sallama, sai na ji kaina ina tambaya, "Iya, ba wanda ya zo nemana?"

Ta ce, "Nemanka? Ba wanda ya ambaci sunanka. Sai dai wata mata da ta zo sau biyu, a ƙasa tun daga Nahuce, ƙafafunta duk sun kumbura. Na yi na yi ta shiga, ta ƙi. A bayan danga ta zauna yini guda, in na fito ta ce, yaya mai jikin ɗakin nan? Furar da aka riƙa ɗura maka ai ita ta kawo. Ɗan'uwanka ne ma ya karɓa daga hannunta."

Barmo bai yi ƙarya ba, ba ta tako ƙofar ɗakin ba. Ban zage shi ba, ban ɗaga masa hannu ba. Na dai tambaye shi inda ya ajiye sauran maganar, ya rasa inda zai sa idonsa. Har yau ban san abin da na tsare masa ba, kuma na daina neman sani.

Da na iya tsayuwa na kama hanyar gida. Na yi sallama, uwata ta ɗago ta gan ni a rame kamar kara. Sai ta kau da kai, ta ce wa Audu, "Ba ka ga yaron Inna ya sha hanya ba? Kawo mishi ruwa."

Shekaru da yawa bayan haka ta rasu, kanta a kan hannuna, ba ta taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya. Jikokina in na faɗa musu sai su ce kaico. Ni kuwa da alfahari nake faɗa. Dudu sau ɗaya ta kira nata, kun kuma ji a kan me. Tawa uwar Allah bai nuna mata wannan rana ba, ta tafi da kunyarta cikakkiya, ni kuma ina raye a gabanta.