Tseren Kwadon da Tabarmar Malam Yuguda

Bilyaminu mai ɗinkin kujerun mota ne a unguwar Bagadaza, shekararsa arba'in da ɗaya. Duk wanda ya gan shi duƙe kan soso da leda, almakashi a hannu, ba zai taɓa kawo ɗan tsere a ransa ba. Ga shi gajere, ga ɗan tumbi da ya ƙi tafiya duk da lallashi. Amma ƙafafun nan nasa, sai ka rantse na wani ne aka ara masa.

Keke kuwa tun yana yaro yake hawa, na mahaifinsa, yana zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda don bai kai sirdi ba. Har yau shi ne keken, baƙi mai giya ɗaya. Ya dai cire masa kariya da ƙararrawa, ya sa masa tayoyi masu kaushi.

Tseren ya shigo Gombe ne ta hannun Bernard, malamin motsa jiki a wata sakandare, mazaunin unguwar Federal Low-Cost. A waya ya ga ana tseren keke cikin laka, in an iso inda ba ya hawuwa a diro, a saɓa keken a kafaɗa a ruga, a sake hayewa. Ya ce in dai kwari da yashi ne, ai wajenmu za a zo aro. Dokarsa guda ce, keke mai giya ɗaya, tunda abin da yawancin mutane ke da shi ke nan. Kowace shekara bayan girbi ake yi a gonakin Kwadon, ukun farko kuma ƙungiyar masu tseren ta tafi da su gasar Jos.

Jos ɗin nan ita ce ta tsaya wa Bilyaminu a rai. Sau biyu yana zuwa na shida a tseren Kwadon. Ba ƙarfi ya rasa ba, lokaci ya rasa. Su Nabil, ɗalibai masu jini a jika, kullum da yamma suna kan hanya, sun ci sun ƙoshi ba mai jiran su da kujerar tasi. Shi kuwa minti arba'in gare shi bayan sallar asuba, sau uku a mako. Ya fita bayan unguwa, ya gangara kwarin da ruwa ya ci, ya saɓa keke ya haura, ya maimaita har gari ya waye, sannan ya koma ya buɗe shago. Minti arba'in ɗin ma na aro ne. A Janairu tagwayensa za su fara makaranta can wani gefen gari, matarsa Lailatu kuma malama ce mai fita da sassafe, don haka kai su ya faɗo kansa. Bana ce kawai ta rage masa, kuma ya sani.

Ranar Asabar ɗin tsere mutum ashirin da uku suka jeru. Zagaye shida ne, ta cikin karan masara, ta yashin rafi, ta kan guma-guman itace biyu da Bernard ya gitta. Aka busa usur. Bilyaminu ya fita da kyau, ya haura rafi yana na huɗu. Yana karyo kwana ta gindin wata tsamiya, sai ga Malam Yuguda, mahaifin Lailatu, zaune kan tabarma a bakin gonarsa, sanda a gefe.

Shekara goma sha biyar da auren, Bilyaminu bai taɓa wuce surukinsa a kan keke ba. Ko daga nesa ya hango shi sauka yake. Bai ma yi shawara ba, ya diro, ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baffa. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya iyalin?"

"Suna gaishe ku."

Kafin a gama ya gida ya aiki, mutum biyar sun wuce shi.

A zagaye na biyu gaisuwa ta riga ta wadatar, amma wucewa a kan sirdi ba ta halatta ba. Ya sauka, ya sunkuyar da kai, ya tura keken da gudu har ya wuce tabarmar, sannan ya haye. A na uku tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Wuce abinka, wuce abinka!" To, wane babba ne ba ya faɗin haka? Mai tarbiyya kuma ba ya ɗauka. Ya sake sauka.

Abin haushin shi ne, ranar ce ya fi kowace rana gudu. A yashi, inda samari ke tangaɗi, shi ratsawa yake. A kwari ya saɓa keke kamar buhun da babu komai ciki. Duk abin da ya tara a zagaye sai ya zubar da rabinsa a gindin tsamiya, ya sake tarawa. Bernard yana bakin layi yana ihu, "Oga Bilya, don Allah ka daina sauka! Baban ya ce ka wuce!"

Zagaye na ƙarshe ya shiga yana na uku, Nabil a bayansa har yana jin numfashinsa. Ya faɗa wa kansa cewa wannan karon ba zai sauka ba, sau ɗaya dai, ya je da yamma ya ba da haƙuri. Ya danne feda. Da ya iso daidai tabarmar, ya ga farar hular nan da farin gemu, sai ya tsinci ƙafarsa ta dama ta riga ta tsallako sirdi. Nabil ya wuce shi fuu. Daga nan zuwa layi babu nisan da za a rama, ya shigo na huɗu.

Ya zauna kan kara yana haki, baƙin ciki ya cika shi, bai kuma san wanda zai ji wa haushi ba. Yana nan sai ga Malam Yuguda ya iso yana dogara sanda. Bilyaminu ya yunƙura zai durƙusa, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi zaune, abin da bai taɓa yi ba.

"Lailatu ce ta aiko mini cewa yau ne tserenka na ƙarshe," in ji shi. "Ladabinka ai na daɗe da gani, ba shi na fito kallo ba. Tun hantsi na shimfiɗa tabarmar nan don in ga ka wuce su."

Can gefe Bernard yana rubuta sunaye uku na masu tafiya Jos.