Ƙarfe Goma na Safe, Wa Ke Gida?

Shekarun baya, damina ta fara zama ke nan, mahaifiyata ta faɗi a tsakar gida a Iware, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Sati uku muka yi a asibiti a Jalingo. Ni ne mai aikin gwamnati a gari, sai na naɗa kaina mai magana da likitoci, ina yawo da biro a aljihun gaba kamar akwai abin da nake ganewa.

Ana jibi za a sallame ta, ni da yayana muka fara ja-in-ja a kan inda za ta zauna. Shi ya ce Iware, ɗakinta yana nan, jikokinta suna nan. Ni na ce gidana, kusa da asibiti. Gaskiyar magana, ba na so a ce ɗanta yana cin albashi a Jalingo amma ya mayar da ita ƙauye a kwance.

Muna cikin haka wata nas mai ɗan shekaru ta jawo kujera ta zauna a bakin gadon. Na ɗauka bayanin magani za ta yi. Sai na ji tana tambayar matakala nawa ne a ƙofar ɗaki, bayan gidan na tsuguno ne ko na zama, daga ina ake ɗebo ruwa. Abin ya ɗaure min kai. Me ya haɗa allura da rijiyarmu? Na matso, ina so in ga inda za ta ɓulle.

Ta dubi yayana. "Gidan Iware, ku nawa ne?"

"Mu goma sha ɗaya ne, Sista. Babu matsala."

"Na ji. Amma ƙarfe goma na safe, da damina, wa yana gida?"

Da damina a gidanmu, daga sassafe har yamma kaji ne kawai da awaki. Manya suna gona, yara suna makaranta. Ba wanda ya taɓa lura, domin mai tsaron gidan duk shekarun nan ita ce kwance a gabanmu.

Na fara murmushin nasara. Sai ta juyo.

"Oga, naka gidan fa?"

Bene ne, hawa na biyu, kuma ni da matata duk muna fita aiki. Na haɗiye murmushina.

Daga nan ta yi mana bayani dalla-dalla. Mama tana bukatar a riƙa juya ta a kai a kai, in ba haka ba bayanta zai yi miki, kuma mikin kwanciya ba ya jin magani da wuri. Za a riƙa kawo ta motsa jiki. Muna iya ɗaukar mai jinya, ko a koya wa wani daga cikinmu kafin mu tafi, ko matan zumuntar coci su riƙa karɓa-karɓa. Ta ce kowace hanya da wahalarta, gara mu sani tun muna nan.

Sai ta sunkuya ta kama hannun mahaifiyata, mai lafiyar.

"Mama, ke fa? Ina kina so ki zauna?"

Harshenta ya yi nauyi a lokacin, amma mun ji ta sarai. "Kona."

Ƙanwarta tana zaune a Kona, kusa da Jalingo, mijinta ya rasu, tana sayar da daddawa a ƙofar gida, ba ta zuwa ko'ina. Ɗakin a ƙasa yake, kuma keke napep yana shiga har bakin ƙofa. Ni da yayana ko sau ɗaya ba ta faɗo mana a rai ba.

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa ba tuntuni?"

Ta dube ni da idon da take yi min tun ina yaro. "Wa ya tambaye ni?"

Kunya ta kama ni sosai. Washegari ƙanwar tata ta zo, nas ɗin ta koya mata juyi da wanka. Ni ma na ajiye biro na koya. Bayanta bai taɓa yin miki ba, kuma kafin wata daminar tana dogara sanda har bakin tiren daddawa, tana yi wa masu saye faɗa.

Har yau ina mamakin matar nan, yadda ba ta taɓa taka gidanmu ba amma ta fi mu ganin cikinsa. Sai dai ba wannan ne ya fi zama min a rai ba. Sati uku na yi ina bin likitoci da tambayoyi a kan mahaifiyata, tana kwance tana jina, ban yi mata ko guda ɗaya ba.