Babban Yatsan Gumna

A ƙauyen Karsar, a gindin dutsen da gidan Takur, wato sarkin yankin, yake kai, an yi wani manomi mai suna Gumna. Gajere ne, mai gwame, bai taɓa hawa doki ba. Gonar geronsa ba ta fi ta kowa ba, raƙuminsa ɗaya, shi ma ido ɗaya gare shi. Matarsa Dapu takan ce masa, "Ba don wannan yatsan naka ba, ko akuya ba za ta gaishe ka ba."

Yatsan kuwa gadon gida ne. Tun da Takur na farko ya shigo ƙasar da mahayansa aka yi alkawari: manoma su ciyar da mayaƙa, mayaƙa su tsare rijiya da shanu. Kuma ba mai zama Takur sai babba a gidan su Gumna ya tsaga babban yatsansa ya shafa masa jinin a goshi.

Gumna yana da shekara talatin abin ya fara faɗo masa, ranar naɗin Jujar Singh. Hannunsa ya yi ta karkarwa har shafin ya karkace. Jujar ya ce da shi a hankali, "Ni za a ɗora wa ƙasa, kai ke rawar jiki?"

Gumna ya ce, "Ranka ya daɗe, kai goshi ka kawo, ni jini."

Jujar ya ƙyalƙyale da dariya a gaban taro.

Shekara ashirin da takwas suka yi tare. Ba kullum ake jin daɗi ba. Kowace kaka raƙuma su hau da rabon Takur, in bangon gidan ya zube su Gumna ke ɗaukar duwatsu, suna zaginsa a ciki. Ana nan sai mahara suka ɓullo daga yamma da hantsi, suka kore shanun ƙauye daga bakin rijiya. Jujar ya tsufa, ga zazzaɓi yana kwance, amma ya sauko da mahaya goma sha bakwai, rawaninsa ko ɗauruwa bai yi ba. Kafin la'asar shanu suka dawo. Shi bai dawo ba. Gumna ne ya same shi a gindin wata bishiyar ƙaya, sara duk a ƙirji da fuska, bayansa ko ƙwarzane babu. Ya ɗora shi a raƙuminsa ya ja shi zuwa gida. Kwana biyu bai ci abinci ba, sai ya zauna yana cewa, "Saboda shanunmu fa, Dapu. Shanu!"

Magajin, ɗansa Padam Singh, a fadar babban sarki ya tashi, bai san Karsar ba. Ya iso da dawaki ɗari biyu a shekarar da ruwa ya yi rowa. Tun kafin a sa ranar naɗi, Nahar, shugaban mahayansa, ya sa masu gadi a rijiya: dawaki su fara sha, abin da ya rage na mutane. Mata suka koma tafiyar rabin yini neman ruwa. Shanun da Jujar ya mutu a kansu suka soma faɗuwa.

Ranar naɗi tsakar gidan Takur ya cika. Padam na zaune a shimfiɗa, aka miƙo wa Gumna wuƙa a faranti. Ya dubi wuƙar, ya cusa hannuwansa a hammata, ya tsuguna.

Nahar ya ce, "Tsoho, kurma ne kai? Tashi!"

"Ina ji, yallaɓai. Yatsan ne ya bushe. Wata biyu ke nan bai sha ruwa ya ƙoshi ba."

Wasu suka yi dariya, suka yi maza suka haɗiye ta. Nahar ya zare takobi. "To mu yanke shi mu shafa da kanmu."

Gumna ya fito da hannun ya ɗora a dutse. "Ga shi nan. Sai dai ka gaya wa jama'a wa ya naɗa ubangidanka, ni ko kai."

Sai wani tsohon mahayi, Surtan, ɗaya daga cikin biyar da suka tsira ranar shanu, ya fito yana ɗingishi. Ya kwance takobinsa ya ajiye kusa da hannun Gumna, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Shekara talatin geron mutumin nan nake ci. A bakin rijiyar nan na bar ƙanina." Sauran huɗun suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka tashi a Karsar ba mu taɓa jin an ga mai takobi ya zauna ƙasa kafaɗa da kafaɗa da manomi ba.

Padam ya daɗe yana kallonsu, fuskarsa ta yi ja. Can ya ce da Gumna, "Baba, kai ka ɗauko mahaifina?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Nuna mini wurin."

Ya miƙe ba takalmi, rana tsaka, ya bi tsohon. Taro duka ya biyo su, makaɗa riƙe da ganguna ba mai bugawa. Gumna ya nuna masa ƙayar. Daga nan Padam ya nufi rijiya, ya kori masu gadi, ya kama igiya da kansa. Bai iya ba, guga ya fito rabi, tafinsa ya sale. Ya juye a kwamin shanu ya sake zurawa. Sai a guga na uku Gumna ya ce a ba shi wuƙa. A nan cikin taɓo ya naɗa shi, mata suna guɗa suna kuka. Washegari aka kai rabin dawakin wani gari.

Padam bai zama waliyyi ba. Mai zafin rai ne, kuma bai taɓa yafe wa Gumna ranar nan duka ba. In sun haɗu yakan ce, "Tsoho mai taurin kai, kana nan?" Gumna ya ce, "Ina jiran ɗanka, ranka ya daɗe." Amma ba a sake tsare rijiya ba.

Gumna ya ƙara shekara tara, ya mutu da kaka, ana cikin yankan gero. An ɗauko makara za a kai shi wurin ƙona gawa, bisa al'adar ƙasar, sai ga Padam ya sauko a ƙafa. Ya janye ɗan'uwan mamacin gefe, ya sa kafaɗarsa. Masu ɗauka suka kusa sakin makarar don firgita. Dapu tana bakin ƙofa, ta ɗaga mayafinta ta duba, ta ce da matan da ke kusa, "Ku gaya masa ya ɗan rusuna, ya fi su tsawo. Zai zubar mini da tsoho."